Mai Baƙaƙe Ba Ɗan Rakiya Ba Ne

Boɗinga.

Zuwa ga ɗiyata, Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Zariya lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da abokan zama na ƙwarai. Na cusa ta ne a jakarki ƙarƙashin ƙullin kilishin da mahaifiyarki ta sa miki, don na san nan hannunki zai fara zuwa. Ko a takarda na kasa rubuta sunanki na yanka, tunda sunan mahaifiyata kika ci, sai ki yi haƙuri da Mamanan da kika saba ji.

Nasihar salla da karatu da kama kai, mahaifiyarki ta kwashe kwana uku tana yi miki, kawunnanki suka ɗora, gwaggonki ta Dandin Mahe ma ta aiko da tata. Ba su rage mini komai ba sai cewa amin. Ni tawa maganar ta wasan ces ce, darar nan mai sarki da sarauniya, kuma kada ki yi dariya. Kin gaya mini makarantar tana da ƙungiyar masu wasan, kuma a zangon farko ake gwada sababbin ɗalibai a zaɓi waɗanda za su riƙa wakiltarta, kina so ki shiga. Iyawa kam kin iya. Abu guda ke hana ni sukuni: kada a zaunar da ke gaban wanda ya girme ki, malami ko wani ɗan ajin ƙarshe mai gemu, kunya ta kama ki, ki naɗe hannu ki bar masa wasan, a tsallake sunanki alhali kin fi shi. A wurina kika gaji wannan ciwo, shi ya sa nake ganin ni ya kamata in yi magana.

A Shagari na koyi ces, shekarun da nake koyar da lissafi a firamare, tun ba a haife ki ba. Hedimastanmu Malam Umaru, mutumin Lambara, Allah ya jiƙansa, shi ke da allon wasan. Dattijo ne gajere mai son shayi da gardama, ya ce a kwalejin horon malamai ya koya wurin wani malami Ba'indiye. Shi ya raɗa wa 'ya'yan wasan sunayen da muke kira a gida har yau, soja da doki da limami da ganuwa da sarauniya da sarki. Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma gindin dogonyaron da ke ƙofar ofis, ya aiko a kira ni, don duk cikin malaman ni kaɗai na yarda in zauna a ci ni.

Kin san doka, mai farare ke fara tafiya. To mu kuma a wurinmu yaro ba ya riga babba sa hannu a akushi, ba ya riga shi shiga ƙofa. Ta yaya zan riga hedimasta taɓa allo? Sai na riƙa juya masa fararen tun kafin ya zauna, ni in ɗauki baƙaƙe. Wannan ba laifi ba ne, har gobe ina ganin kyansa. Laifin yana ga abin da nake yi da baƙaƙen. In ya turo soja taku biyu, sai in turo nawa taku ɗaya. In ya matso, in ja baya. Mutanena duka suna jere a layi ukun gida, ba mai tsallaka tsakiya, ina jiran ya gaji ko ya cinye ni, kuma galibi cinyewar yake yi. Na shekara uku a haka. A cikin shekarun nan idona ya buɗe, na fara ganin kurakuransa sarai, amma duk lokacin da dama ta samu sai in ji nauyinsa ya danne mini hannu, in kau da kai.

Wata ranar Laraba ya ajiye sarauniyarsa daidai inda dokina zai ɗauke ta, babu mai tsaronta. Na gani sarai. Na miƙa hannu na tura wani sojan gefe da bai san hawa ba bai san sauka ba. Malam Umaru ya ajiye kofin shayi, ya jawo jakar da yake zuba 'ya'yan wasan, ya fara kwashe su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, “Malam Garba, mi niy yi maka kaka rena ni haka?”

Na ce, “Ranka shi daɗe, ni? Wane ni!”

Ya ce, “Da gangan nib bar sarauniya gaban dokinka, kana gani kak kau da kai. Sau ukku ke nan ina gwada ka. Kai gani kaka yi ladabi na, ni ko abin da nig gani shi na ka ɗauke ni tsohon da ba shi iya ɗaukar kaye. In gaisuwa ta, gaishe ni bakin ƙohwa, ka duƙa yadda kaka so. Amma in munka zamna ga allon ga, ka taho min da yaƙi, ko ka yi zamanka gida.”

Mamana, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Sati biyu bai fito da allo ba, in muka haɗu sai gaisuwar aiki. A cikin satin nan biyu na gane cewa shekara uku ina yi wa mutumin nan ƙarya, ina kiranta ladabi. Yana zaune yana zaton wasa muke yi, ashe shi kaɗai ke yi, ni rakiya na zo. Don haka ki gaida na gaba da ke kafin a fara, ki gaishe shi bayan an gama, ki bar masa kujera mai kyau in kin ga dama. Tsakanin gaisuwar nan biyu kuwa, girmamawar da za ki yi masa ita ce ki fito masa da duk abin da kika sani.

Da ya huce ya sake aikowa, sai na zo da wata sabuwar wauta. Tunda yaƙi aka ce, a taku na biyu na fito da sarauniya. Ya kore ta da doki, ta koma can. Ya kore ta da limami, ta dawo nan. Haka ta yi ta zagaye allo kamar akuyar da ta faɗa rumfar masu hatsi, kowa na kai mata duka, shi kuwa duk korar da ya yi ya fito da sabon mutum fili, ni nawa suna gida ko motsi ba su yi ba. Sarkina yana tsaye a tsakiya, ban kai shi ɗaka ba, wato in ɓoye shi a lungu kusa da ganuwa, wai ba ni da lokaci, ina kai hari. Kafin taku ashirin ya ɗaure shi. Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, ya ce, “Yaƙi nic ce, Malam Garba, ban ce hauka ba.”

Ki riƙe wannan. Mai baƙaƙe yana bayan mai farare da taku ɗaya, saboda haka harinsa ba ya farawa da ihu. Yana farawa ne da hana mai farare mallake tsakiyar allo. Sai dawakai da limamai su fito, sai a kai sarki ɗaka a ja masa ƙofa, sannan sarauniya ta leƙo. Duk buɗin wasan da zai sa ki fita yaƙi sarkinki yana tsaye a tsakar gida, ki bar shi komai daɗin sunansa.

Daga baya Malam Umaru ya ara mini wani tsohon littafi da bangonsa ya cire, a nan na sami buɗin da ake kira Sisiliya. In mai farare ya turo sojan gaban sarki taku biyu, ba ki kwaikwaye shi ba, sai ki tura sojan gaban limamin ɓangaren sarauniya taku biyu, wato c5. Tun daga takun farko kin nuna masa ba sahunsa za ki bi ba. Na yi wata shida yana lallasa ni da shi kafin in gane kansa. Ranar da na fara cinye shi da gaske, tsohon nan tashi ya yi tsaye, ya hana a taɓa allon, ya aika aka kira malaman da ba su tafi gida ba, yana nuna musu inda sarkinsa ya maƙale yana cewa, “Ku taho ku ga abin da yaron ga yay yi min!” Su ba su gane komai ba, suna ta gyaɗa kai. Ban taɓa ganin wanda aka ci yana murna kamarsa ba, har tsire ya sa aka sayo.

Da ma a nan na tsaya da na huta. Amma bayan an dawo da ni Boɗinga, na yi ritaya, na sayi babbar waya, sai na faɗa hannun masu bidiyon nan da ke cewa za su koya maka cinye kowa cikin taku takwas. Na ɗauko wani buɗi da ake ba da soja kyauta tun a taku na farko, a ɗana tarko, in abokin wasa ya bi kwaɗayi ya rasa sarauniya. Na gwada shi a kan Alhaji Sani mai kemis, abokin wasana da kika sani, na kama shi sau huɗu a jere. Kaina ya kumbura. Har a majalisa nake cewa na gano abin da manyan 'yan wasa suka ɓoye wa talakawa.

Ana nan sai aka turo wani likitan dabbobi yin rigakafin shanu a yankinmu, ya biyo kemis sayen magani, ya gan mu kan allo, ya ce ko zai taɓa. Na ba shi farare, na ƙyafta wa Alhaji Sani ido. Na miƙa sojan, ya karɓa ya ce ya gode. Na ɗana tarkon, ya dube shi, ya zagaye, ya ci gaba da fito da mutanensa hankali kwance. Daga nan ban san abin da zan yi ba, don mai bidiyon bai faɗi abin da ake yi in mutum ya ƙi faɗawa ba. Ya bi ni a sannu, yana musanya ɗaya da ɗaya, har sojan nan guda da ya fi ni da shi ya isa ƙarshen allo ya zama sarauniya. Alhaji Sani ya rama dariyar wasa huɗu a zama ɗaya, har yau in ya so tsokanata sai ya tambaye ni lafiyar shanu.

To kafin ki ɗauki kowane buɗi, ki yi masa tambaya guda: in abokin wasana bai faɗa tarkon ba, me ya rage a hannuna? In amsar ita ce ƙarancin soja ɗaya da addu'a, wannan ba buɗi ba ne, caca ce. Kuma ki sani yaran da za ki tarar a Zariya duk sun kalli bidiyon da na kalla, wataƙila ma sun riga ni.

Sai kuma ciwon sauye-sauye. Na yi wata shekara da kowane sati da buɗin da nake yi. Yau wannan, jibi wancan, duk wanda aka ci ni da shi sau biyu sai in ce shi ne mai laifi in watsar. Gwaggonki da ke noman albasa ta fi ni hankali, ita ba ta tuge dashe kowane sati don ta duba ko ya yi ƙwai. Da na gaji da wannan sai na koma hadda. Na cika littafin rubutu guda da taku goma sha takwas na Sisiliya, na haddace su tsaf yadda nake sa yara haddar jadawalin sau. Na je kemis da shirina. A taku na huɗu Alhaji Sani ya tura wani sojan gefe da babu shi a kowane littafi.

Na ce, “Alhaji, ai ba haka aka yi ba!”

Ya ce, “Wa yac ce? Sojana na, inda nika so nika kai shi.”

Gaskiyarsa. Sauran taku goma sha huɗun suka zauna a kaina ba wurin sauke su, ya kuwa cinye ni. Mu da ba sana'armu ba ce, abokan wasanmu ba sa bin littafi, yawancinsu ba su ma san da shi ba. Abin da zai amfane ki shi ne ki san dalilin kowane taku, ina dokin nan yake son zama, wane layi ganuwa take nema, ta wane ɓangare za a kai harin. In kin san wannan, duk inda mutum ya kauce za ki san abin yi.

Ga shawarata, in kin ga dama ki ɗauka. Ki zaɓi buɗi biyu kacal, ki zauna a kansu shekara guda ko ana cin ki. In aka buɗe miki da sojan gaban sarki, ki yi Sisiliya, irin wanda ake kira Daragon, inda limamin ɓangaren sarki yake zama a lungu yana hango allo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ke kina kai hari ɓangaren sarauniya, shi abokin wasanki yana turo sojoji kan sarkinki, tsere ne, wanda ya tsaya waiwaye shi ake kamawa. In kuwa da sojan gaban sarauniya aka buɗe, ki yi wanda ake kira na sarkin Indiya. Ginin gidansu kusan ɗaya ne, limami a lungu, sarki a ɗaka da wuri, sai ya zama abu guda kika koya kina amfani da shi wuri biyu. Karatu aka tura ki, ba ki da lokacin buɗi goma. Za a ci ki da farko, wani lokacin mummunan ci. Ki rubuta wasan, ki duba inda ya karkace, ki koma da shi gobe. Kuma kada ki karɓi kunnen doki don kawai wanda ya miƙo miki hannu ya girme ki. Ki duba allo tukuna, in ke ke sama ki ce masa cikin ladabi a ci gaba.

Yanzu saura kuskuren da ya fi mini nauyin faɗa, don shi ba tsoho ba ne, kuma ke na yi wa.

Watannin baya na shigo gida ina fahariya, na ce wa mahaifiyarki har yanzu dai Mamana ba ta kamo ni ba. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, “Malam, kai dai a bar ka da daɗin baki. Ɗiyar ga cikin waya mutanen ƙasashe taka karkashewa, ina jin ta tana dariya ita ɗai. Kai ɗai na taka ragamawa.” Na ce ba ta san wasan ba, ta bar maganar abin da ba ta sani ba. Amma maganar ta zauna mini. Na fara lura. Sai na ga da ni ba kya yin c5, taku ɗaya-ɗaya kike turowa, mutanenki a jere a layi ukun gida. Na san wannan jerin, ni na ƙirƙiro shi.

Ranar Juma'ar da ta wuce, wasanmu na ƙarshe a zaure, Alhaji Sani yana zaune yana kallo. Na yi sakaci, sarauniyarki da limaminki suka sami hanya, taku biyu ya rage ki ɗaure sarkina. Na gani bayan na saki hannu. Na ga kin gani, don idonki ya tsaya a wurin. Kika dubi Alhaji Sani, kika dube ni, sai kika matsar da sarkinki gefe ba gaira ba dalili. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na yi kamar ban lura ba, na ci gaba har na cinye, na karɓi yabon Alhaji ina shafa gemu.

Malam Umaru sau uku ya gwada ni ya kwashe allonsa, don ya fi son gaskiya da nasara. Ni na fi shekara ina zargin abin, na ƙi bincikawa saboda cin yana mini daɗi, har sai da mahaifiyarki ta faɗa, kuma ko bayan ta faɗa na sake karɓa. Kullum kika rage mini na yi shiru, ƙara koya miki nake yi cewa haka ake yi wa manya. In kika je Zariya kika naɗe hannu gaban wani, ba kunyarki ba ce ta jawo, shiruna ne. Abin yana damuna ƙwarai, kuma ina neman afuwarki. Na so in faɗa miki baki da baki a tasha, na san ba zan iya ba, shi ya sa na rubuta.

Ga abin da nake roƙo. Na jera allo a ɗakina, na gaya wa mahaifiyarki ko shara za a yi kada a matsar da shi. Na riƙe fararen, tunda na san ba za ki yarda ki riga ni ba. Na tura sojan gaban sarki taku biyu, e4. Ki turo amsarki ta waya, taku ɗaya a rana ya isa, kada ya ci miki lokacin karatu. Ina so a gama shi kafin ranar gwajinku, don ki shiga wurin kin riga kin san hannunki ba ya rawa gaban babba. In na ga taku ɗaya na jin kunya, zan sani, kuma wannan karon ba zan yi shiru ba. Na riga na gaya wa Alhaji Sani gaskiyar wasan Juma'a, ya yi dariyarsa ya more, ya ce kullum zai riƙa biyowa duba allon, saboda haka ba ki da sauran wanda za ki rufa mini asiri a gabansa.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki ci abinci. Ƙannenki suna gaishe ki, har sun fara rabon ɗakinki. Allah ya tsare mini ke daga sharrin hanya da na mutane, ya kare lafiyarki da imaninki, ya buɗa miki karatu, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki nasara a kan duk wanda ya zauna gabanki, ya sa ki fara da ni.

Wassalam.

Mahaifinki.